Irin Geron Kawu Ilu da Na'urar da Ta Ƙi Tashi

Shekara shida ke nan da rasuwar kawuna, Ilu malamin gona, Allah ya jiƙansa. Na so in rubuta wani abu tun bara, amma ban tabbata ina da abin faɗi ba. Ko yanzu ma ban tabbata ba. Abin da ya faru kafin damanar bana ne ya hana ni yin shiru.

Mutanen Madarumfa da suka san shi za su tuna na'urarsa mai ƙwaƙwalwa, wadda wani aikin raya karkara ya bar masa da aka rufe biro, wato ofishinsu. Tun a lokacin ma tsohuwa ce: akwatin ƙarfe mai nauyi, da gilashi mai koren rubutu. A cikinta, in ban yi kuskure ba, abu ɗaya kawai ya damu da ajiyewa. Akwai wani tsohon irin gero mai saurin nuna da ya tattaro, ya rarraba wa gidaje a ƙauyuka daban-daban, don kada yunwa ta cinye shi a wuri guda. Sunayen masu riƙonsa ya rubuta a ciki.

Bara ruwa ya ɗauke da wuri. A Safo, ƙauyenmu, mutane da yawa sun ci har irinsu. Da bazara ta yi nisa, sai ga Malam Barmo, tsohon abokin Kawu, da dattawa biyu a zaurenmu. Suna son su san wa ke da geron nan kafin ruwan shuka ya sauka. Na ce ni tarihi na karanta a Yamai, ba aikin inji ba. Malam Barmo ya ce, "To, wanga ma ai tarihi na. Buɗe mana shi."

Na kwance zanen da aka lulluɓe na'urar da shi, na ɗauke ta zuwa inda ake samun wuta, na danna. Fanka ta juya, ta yi ƙara sau ɗaya, sai layi guda ya fito yana cewa ba ta ga diskin da ke cikinta ba. Na kashe, na kunna. Na cire wayoyi na mayar, ina zana kowace a takarda don kada in rikita su. Na hure ƙura. Na canza ƙaramin batirin ciki, domin na yi zaton wataƙila shi ne. Bayan haka ta fara tambayata kwanan wata, abin da ba ta yi ba a da, har na shiga tsoron ko na ƙara ɓata ta ne.

Na kai ta Maraɗi wajen wani mai gyara. Ya kara kunnensa a jikin akwatin, ya daɗe, ya ce diskin ba ya juyawa, zama ne ya daskarar da shi. Ya ce zai iya buɗe shi, amma ba ya ɗaukar alhaki. Ni ma ban iya ɗauka ba. Na biya motar dawowa, na rungumo ta a cinya kamar majinyaci. Kwana goma sha tara aka yi haka, ina duban gabas kowace la'asar, hadari yana ƙara haɗuwa.

A nan ne nake yawan tambayar kaina abin da Kawu zai ce da ya gan ni. Mutum ne da ba ya zama a biro in zai iya zama a gindin gawo. Ina jin, ko da yake ba zan rantse ba, da zai tambaye ni mutum nawa na yi wa magana a kwanakin nan. Amsar ita ce mai gyara kaɗai. Inna Dije, matarsa, ban gaya mata abin da nake nema ba. Maganar a zaure aka yi ta, kuma na ga kamar rashin ta ido ne in tayar wa gwauruwa da tunanin mijinta. Ita kuwa ta ɗauka gyarawa nake in sayar.

Ranar da aka ja mana wayar wuta daga maƙwabta na sake gwadawa a gida, sai ta leƙo ta same ni na dafa kai.

"Mushe, har yanzu ba ta tashi ba?" Haka take kirana, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, tun da na shiga makarantar lakol.

Na ce a'a, Inna.

"To ai ba haka shi ke tashe ta ba. Kauce."

Ta kama akwatin da hannu biyu, ta murɗa shi dama da hagu da ƙarfi sau biyu, kamar mai kaɗa rariya. Raina ya tashi, na ce shi ke nan, an gama. Ta ce in danna. Na danna. Wani siririn kuka ya taso daga ciki, yana ƙaruwa, koren rubutu ya cika gilashi. Har yau ban san ko hakan daidai ne a ilmance ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada.

Na ɗauki alƙalami ina kwafa, ina karantawa a fili don kada in yi kuskure. Na ce, "Sanda, na garin Ɗan Isa." Daga bakin ƙofa Inna ta ce, "Ɗan Maigari. Ya bar noma, yana canjin kuɗi." Na karanta na biyu, ta ce ya rasu. Na uku ban gama furta shi ba ta ƙarasa mini. Na ajiye alƙalamin na dube ta.

"Mi kake kallona? Ni na auna musu da tiyar awona. Da ka ce geron kake biɗa, Hajo ta garin Sarkin Yamma na shuka shi kowace shekara. Ubanta ya bar mata."

Sunan Hajo ba ya cikin na'urar. Na ubanta ne a ciki, shi ma ya daɗe a ƙasa. Rashin sani, in ji masu magana, kaza ta kwana a kan dami.

Malam Barmo ya je da amalanke washegari, ya dawo da tiya huɗu. Kwana uku bayan haka aka yi ruwan shuka. Irin ba zai ishi Safo ba, amma in Allah ya kiyaye, baɗi zai fi haka.

Na'urar ba ta ƙara tashi ba, ko a hannun Inna. Na mayar mata da zanenta. Na kasa yanke hukunci ko Kawu ya yi kuskure da ya ba ƙarfe amana, ko kuwa dama bai ba shi ba, ni ne na zata haka. Abin da na iya gani da idona shi ne geronsa ya yi kai a gonar Malam Barmo tun na maƙwabta bai kai ƙugu ba. Yanzu kuma kowace Juma'a ina zama wajen Inna da littafi, tana faɗa ina rubutawa. Jiya ta ce rubutuna ya fi na Kawu kyau, amma shi ya fi ni tambaya.

Allah ya kai haske kabarinsa.