Tagogin Gidan Shinkafi

Maigidana ya rasu ya bar mu a sabon gida bayan tashar jirgi ta Kaura Namoda, kuma ko ɗaki ɗaya babu taga. Ramukan dai suna nan, mun toshe su da buhunan taki da kwali. Abin dariyar shi ne sana'arsa ke nan. Walda yake yi, shi ke ƙera wa mutane tagogi da ƙofofi tun daga Sakajiki har Zurmi. Duk lokacin da na yi magana sai ya ce namu na musamman zai yi, in bari ya samu sarari. Zazzaɓi ya riga sararin zuwa.

Na shiga takaba ana tsakiyar bazara. Ban yi kukan da mutane suka zo kallo ba. A ba ni abinci in ci, a ce in gyara zama in gyara. Masu gaisuwa suna magana, ni ina kallon bakinsu yana motsi. Yayana da ke aiki a wani ofishi a kwalejin Poli shi ya lura hadari ya fara leƙowa daga gabas, ya ce dole a sa tagogi kafin ruwan fari, in ba haka ba ni da yara a cikin tafki za mu kwana.

Tunda mai takaba ba ta fita, sai ya kawo min kasuwar har ɗaka. Ya aro kwamfutar ofishinsu da ɗan abin da ake soka mata ta kamo intanet. Wani mai tagogi a Gusau ya buɗe shafi, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Ni malamar firamare ce, Turancin talla bai fi ƙarfina ba, don haka Yaya ya ce in karanta da kaina in ga ko mutumin abin yarda ne.

Shafin ya fara da Bismillah, ƙarƙashinta an rubuta gaskiya da riƙon amana. Wannan bai motsa ni ba. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowane allon shago a Kaura ya tuba, har mai awon hatsin da kowa ya san gindin tiyarsa a lotse yake ya rubuta amana da jan fenti. Na ci gaba. Wai ruwa ba ya shiga tagarsu, sauro ba ya shiga, ɓarawo sai dai ya kalla ya wuce. Na ce wa Yaya saura su ce mutuwa ma ba ta shiga. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Daga nan sai hotunan ayyukan da suka ce sun kammala. Intanet ɗin lokacin a hankali yake sauke hoto, daga rufi zuwa ƙasa. Wani shuɗin gida ya fara fitowa, kuma kafin a kai ƙofarsa na gane shi. Gidan wani ɗan kasuwar hatsi ne a Shinkafi, inda ɗiyar innata ke aure. Ƙarfen kowace taga an murɗe shi a tsakiya ya yi kamar zangarniyar gero, irin murɗin da maigidana kaɗai ke yi. Na je suna gidan, na tsaya a tsakar gida na nuna wa mata tagogin ɗaya bayan ɗaya, ina cewa aikin maigidana ne, har uwargidan ta ce to mun ji, zo ki ci tuwo.

Na ce wa Yaya mai tagogin nan maƙaryaci ne, ya rufe shafin. Shi ya ɗauki zafin da ya kamata in ɗauka, ya ce satar aikin mamaci ce wannan, gaban alƙali za a kai shi ya rantse. Ni abu ɗaya na sani: maigidana bai bar mana gona ba, bai bar shanu ba, sunan hannunsa kawai ya bari, ga shi wani ya liƙa nasa a kai. Na ce a kira shi ya zo tukuna.

Ya zo da hantsi. Suka zauna a zaure shi da Yaya, ni ina bayan ƙyaure. Ƙafafunsa kaɗai nake gani, duk tabon tartsatsin walda. Ya yi ta'aziyya mai tsawo, muryarsa ta dattijo. Ashe wurin ubangida ɗaya suka koyi sana'a da marigayi.

Na ce, "Malam, gidan ga na Shinkafi da ka sa ga hoto, wa ya yi tagoginai?"

Yaya ya ce masa da kai ake.

Ya ce, "Malama, ni na yi su."

"Ka ji tsoron Allah. Ni ɗin ga na haɗa ma maigidana abinci ranar da ya tahi aikin."

"Ya tahi kam, tare munka tahi. Shi ka amso aiki, shi zana min murɗin ga ƙasa da yatsa, ni in ƙera. Wutar walda ta daɗe da cinye mai ido. Ko lambobin igiyar awo bai gani. Ya roƙe ni kar kowa ya ji, ke kuwa musamman."

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce tun kafin a aza tubalin gidan da nake ciki.

Na jira in ji wani abu ya tsinke a ƙirjina, bai tsinke ba. Tunani ne kawai ya riƙa zuwa a jere. Yadda ya daina hawa babur da magariba ya ce mai ya yi tsada. Yadda yake miƙo min waya in karanta masa saƙo wai hannunsa da maiƙo. Na kwana ɗaki ɗaya da mutum, na iya gane murɗin ƙarfensa a hoto rabin fitowa, amma ban gane ba ya ganin fuskata sosai ba.

Dattijon ya ce ɗan ƙanensa ne ya haɗa shafin, shi bai yi tunani ba, yau ɗin nan zai sa a cire hoton. Na ce ya bar shi, ai ba ƙarya ya yi ba. Na ja yara muka koma madafa, Yaya ya shiga da shi ya auna ramukan.

Ruwan fari ya sauko da la'asar, bayan an ɗaura tagogin, da iska mai ƙarfi. Na tashi na bi ɗakunan ina shafa gefen kowace taga da tafin hannu, sama da ƙasa, ina neman inda za ta yi yoyo. Gaskiya so nake in samu, ko ɗigo ɗaya, in ce ai na faɗa, maigidana ne kawai ya iya. Na gama na koma farko na sake bi. Hannuna a bushe ya fito.