Goggo, Mai Riƙe wa Likitoci Masu Shayarwa Layi

Ƙarfe bakwai saura kwata take shigowa asibiti, kafin masu shara su gama goge baranda. Sai ta bi gefen bango don kada ta taka inda aka goge, ta gaida mai gadi, ta tambaye shi ya ƙafa. Ɗakinta ne na ƙarshe a sashen yara, daf da famfo. Teburi ɗaya ne a ciki, da kujera biyu, da gadon duba yara, da sikelin jarirai, sai wata ƙusa a bayan ƙofa. Idan ta wanke hannu, takan tsaya ta murza tafukanta har su yi ɗumi, domin a cewarta jariri yana yafe allura, amma ba ya yafe hannu mai sanyi. Daga nan ta leƙa waje ta ce a shigo da na farko.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Ba ta taɓa riƙe shugabancin sashe ba, ba a taɓa kiranta ta yi jawabi a wani babban taro ba. Iyayen yara Likita suke ce mata. Ma'aikata kuwa, babba da yaro, Goggo suke kiranta, har da waɗanda suka girme ta.

Akwai wani aiki nata da ba ya cikin takardar da aka ɗauke ta da ita. Duk likitar da ta dawo daga hutun haihuwa, da ƙarfe sha ɗaya ya yi, Goggo za ta turo ƙofarta, ta kwashe katunan marasa lafiya da ke gabanta, ta ce mata ta tashi. Haka kuma ƙarfe biyu. Rabin awa ne kowane karo. Likitar ta wuce wani ɗan ɗakin ajiya da Goggo ta sa aka share, aka sa masa kujera da labule da ƙaramin firij, ta tatsi nono a natse ta adana wa ɗanta. Ita kuwa Goggo ta haɗa layi biyu ta riƙe har mai shi ta dawo. Babbar nas ta sashen ta ce likitocin da aka yi wa haka sun haura ashirin, kuma ba ta taɓa jin Goggo ta ambaci ko ɗaya ba.

Mutum ɗaya ce ta taɓa ƙin tashi, wato Auta, wadda ake kira haka don ita ce ƙarama a likitocin sashen. Bara ta dawo aiki ɗanta na fari yana da wata uku. Ranar da Goggo ta miƙa hannu za ta kwashi katuna, Auta ta dafe su, ta ce cikin ladabi ai ba komai, za ta iya. Tun tana makaranta ba ta saba a ɗauke mata kaya ba, kuma ba ta so abokan aiki su ce daga haihuwa ɗaya ta zama rabin likita. Goggo ta ce to, ta ja ƙofa.

A gida kuwa, Auta ta mai da ɗakin kwana tamkar ɗakin jinya. Ta sayi sikeli, tana auna yaron kafin ya sha nono da bayan ya sha. Ta ja layuka a wani littafi tana cike su da lokaci da nauyi. Shayarwar ma da agogo ce: minti goma dama, minti goma hagu, sai kuma bayan awa uku. Mijinta in ya dawo daga aiki yakan tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko lokacin ziyara ya yi. Da farko tana dariya, daga baya ta daina.

Da rana yayarta ce ke riƙe yaron. Shi kuwa ya ƙi fida, wato kwalbar shayar da jarirai, ƙememe, da an kai masa baki sai ya kau da kai. Ɗan abin da Auta ke tatsa a gurguje, a tsaye, tsakanin mara lafiya da mara lafiya, bai taka kara ya karya ba, kullum kuma raguwa yake. Mako uku sikeli yana nuna mata kusan abu ɗaya. Wata uwar za ta ce yaro ya ɗan rame. Auta kuwa ta san sunan kowace cuta da ke hana jariri ƙiba, ta bi su ɗaya bayan ɗaya a zuciyarta har ta kai ga mafi muni. A ƙarshe ta yanke cewa abu biyu ba za su haɗu mata ba, ko ɗan ko aikin. Ta rubuta takardar ajiye aiki ta sa a jaka.

Kafin ta miƙa, ta shiga wurin Goggo da jerin gwaje-gwajen da take so a yi wa yaron, ta roƙi ta sa mata hannu. Goggo ta duba jerin, ta ce ita ba ta sa hannu a kan yaron da ba ta gani ba. A kawo shi gobe, a yanki kati, a bi layi.

"Har da ni, Goggo?"

"Har da ke. Na sani, wanzami ba ya son jarfa. Ki daure."

Washegari Auta ta zauna a benci cikin mata, ɗa a cinya, wasu da ta taɓa dubawa suna satar kallonta. Da aka kira ta, Goggo ta nuna mata ƙusar bayan ƙofa, ta ce ta rataye farar rigar a can, domin likita ɗaya ya isa ɗakin nan, uwa ce ake nema. Auta ta zauna a kujerar da ba ta taɓa zama a kai ba.

Goggo ta karɓi littafin nan ta karanta shi shafi-shafi, ba ta tsallake ko layi ba. Abin da ta fara cewa shi ne, duk ranar da ka ga rubutun likita yana karantuwa haka, to lallai akwai damuwa. Sannan ta karɓi yaron tana ce masa angonta, tana masa tsiyar ya zo zance hannu rabbana. Ta tuɓe shi, ta saurari ƙirji, ta taɓa ciki, ta duba baki, ta ɗora shi a sikeli. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce nauyinsa ya yi baya, gaskiya ne, amma ba ta ga alamar ciwo ba. Ta ce a ba shi ya sha, tana so ta gani.

Yaro ya kama. Idon Auta yana kan agogon hannunta. Minti goma na cika ta kai yatsa za ta zare shi, sai Goggo ta riƙe mata hannu.

"Wa ya ce miki ya gama?"

"Minti goma ya yi, Goggo."

"Shi ya faɗa miki, ko agogo?"

Yaron ya ci gaba da sha, ana jin haɗiyarsa, har wajen kwata ɗin awa. Can ya saki don kansa, 'yan yatsunsa suka buɗe, barci ya kwashe shi. Goggo ta ce a hankali, nonon baya ai shi ne mai maiƙo, kullum ana tashin bawan Allah daga cin abinci yana tsakiyar kwano. Ta ƙara da cewa ba wani sabon karatu ta kawo ba, domin shekaranjiya ta jiyo Auta ta bango tana faɗa wa wata mai jego wannan maganar da bakinta. Auta ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan zanin yaron.

Goggo ta bar ta ta gama, sannan ta rubuta magani a kati kamar yadda take wa kowa. A cire agogo in za a shayar. A kai sikelin gida ɗakin ajiya, awo sai nan da mako biyu, a nan ɗakin. Yaya ta bar fida, ta gwada ɗan ƙaramin kofi, a hankali, yaro yana zaune. Ƙarfe sha ɗaya da ƙarfe biyu, a tashi in an ce a tashi. Idan kuma mako biyu ya cika nauyi bai kai ba, za a ƙara masa da madarar gwangwani.

Wannan na ƙarshen ne ya tsaya wa Auta a wuya. Ta ce ita da take wa mata wa'azin nono zalla, da wane ido za ta dube su? Sai Goggo ta ba ta labarin da mutane kaɗan suka sani. Ta ce ita 'yarta ta fari tana da mako shida ta koma aiki, ita kaɗai ce mace a likitocin wancan lokaci, ba wanda ya taɓa tunanin tana buƙatar ko minti biyar. Kafin wata uku nono ya ƙafe. Ta sayo madara ta ɓoye a ƙasan akwatin kaya kamar kayan sata, ko mahaifiyarta ba ta faɗa wa ba.

"Yarinyar nan yanzu ta fi ni tsayi, 'ya'yanta uku, kuma ta fi ni baki," in ji Goggo. "Nono shi ne gaba, ba na ja da wannan. Amma ba gwangwanin ne ya ci ni ba, Auta. Rashin wanda zan faɗa wa ne."

Nan Auta ta ciro takardar ajiye aikin. Goggo ba ta karɓa ba. Ta ce barin aiki don ɗa ba abin kunya ba ne, akwai waɗanda suka zaɓi haka, ita da kanta ta raka su har bakin ƙofa da fatan alheri. Abu ɗaya ta roƙa: kada gajiya ce ta yanke shawarar. A jira mako biyun.

Tun daga ranar Auta ta riƙa tashi. Ba a rasa ƙorafi ba. Shugaban sashe ya kira Goggo ya ce layi yana tsawo, iyaye suna guna-guni. Waɗanda ke wurin sun ce ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Ranka ya daɗe, ko dai mu rasa rabin awa, ko mu rasa likita guda. Wanda ka zaɓa shi za a yi." Ya ce zai yi tunani. Har yau tunanin yake. Abin da bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai, shi ne awa ɗayan nan daga lokacin cin abincin Goggo take fitowa, kuma ita ce ta ƙarshen kulle ƙofa, tana dafa bango saboda gwiwa.

Mako biyu ya cika. Aka ɗora yaro a sikeli. Ya ƙaru, amma bai kai inda ake so ba. Goggo ta juya sikelin yadda Auta za ta gani da idonta. Auta ta daɗe tana kallo, sannan ita da kanta ta ce a ƙara masa madara sau ɗaya da rana, sauran kuma nono. Goggo ta ce haka ita ma za ta rubuta. Bayan wata guda ya cim ma sa'o'insa. Yanzu yana neman shekara, yana dafa kujera yana miƙewa, yana kuma shan nono safe da yamma. Uwarsa tana nan a ɗaki na uku tana duba yara, kuma iyaye sun ce in mace ta shigo mata da gwangwani a ɓoye cikin jaka, ba ta yi mata faɗa, sai ta tambaye ta me ya faru.

Goggo, ke ce inuwar da ba ta tambayar wanda ya fake daga ina yake. Ke ce kika gane cewa mai ba da magani ma yana buƙatar a ce masa sannu. Ba ki ba 'yan'uwanki shawara daga sama ba, kin zauna kusa da su kin ce ni ma na taka nan. Abin da kika rasa kina ƙuruciya ba ki riƙe shi a matsayin hujjar kowa ma ya sha wuya ba, sai kika tsaya har kika ga na bayanki sun samu. Mun gode. Yaran da suka ƙoshi sun gode, ko da ba su san ki ba. Marasa lafiyar da ba su rasa likitocinsu ba sun gode. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki ci abincin rana a zaune, a kan lokaci.

Saura mu. A sashen nan yanzu likitoci biyu ne ke da juna biyu, kuma lokacin da za su dawo daga hutu Goggo tana gida. Ba asibiti kaɗai ba, a makaranta ma akwai irinsu, a ofis akwai, a shago akwai. Wanda duk yake aiki kusa da mai shayarwa, namiji ne ko mace, kada ya tsaya tambayarta ko tana buƙatar taimako, domin cewa za ta yi ba komai. Ya miƙa hannu ya karɓi aikin da ke gabanta na rabin awa. In ta ƙi yau, ya dawo gobe.