Babbar Riga Ba Fuska

Hoton mahaifinmu guda ɗaya ne a duniya. A wani shago kusa da tashar Kankia aka ɗauke shi, baƙi da fari, yana zaune cikin farar babbar riga. Bayan rasuwarsa Inna ta naɗe shi cikin ɗankwali, ta ajiye a ƙasan akwati a gidanmu na Kusada. Sai da Sallah take nuna wa jikoki. Ba ta yarda a ɗauke shi da waya. Ta ce mamaci ba ya yawo a aljihun mutane.

Ɗan baffana ya dawo daga karatun zane da wata fasaha. A fuskar tsohuwar takardar hoto, in ji shi, akwai siririn danƙo mai riƙe da hoton. In an tsoma takardar a wani koren ruwan magani, danƙon yakan kumbura a inda baƙi ya fi yawa, ya saki takardar, sai a ja shi da burushi ya kwanta kamar labule. Ya yi ta lallashin Inna har ta ba shi. Ya rantse bangon da ke cikin hoton kawai zai ƙawata, kuma ba zai yi kwafi ba.

Hotunan da ya koyi aikin a kansu na Turawa ne: farar fuska, baƙin bango. A namu bangon fari ne, rigar fara ce. Abu mafi duhu shi ne Baba kansa.

Na sami ɗan baffan a shagonsa, takardar tana ɗiga a kan igiya.

"Ina fuskar?" na ce.

"Yaya, tana nan fa, zamewa ta yi." Ya nuna wani baƙin abu da ya tattare a ƙirjin rigar. "Wallahi a ƙasar waje irin wannan ake ratayewa."

"Baffa yana raye, kullum yana ƙofar gida. Me ya hana ka fara da naka uban?"

"Ai magani ba ya zaɓe."

"Kai ne aka ba wa, ba magani ba."

Na cire takardar a jiƙe, na hau acaɓa da ita a tafin hannu. Inna ta duba, ta bari ta bushe, ta naɗe ta mayar akwati.

Har yanzu tana fito da ita da Sallah. Jikoki su ga hula, su ga riga, su tambaya da wa kakansu yake kama. A dangi kaf babu mai kama da Baba irin ɗan baffan nan. Yakan zo gaisuwa. Ina amsawa idona yana kan tabarma, kuma ban taɓa faɗa wa yaran ba.