Rantsuwar da na yi da kwarankwatsa

Shekarun baya, ina aji biyu a kolej, bakina ya jawo mini abin da ya kusa sa in ƙare damina guda a ƙarƙashin gado. Rantsuwa na yi da kwarankwatsa, kuma a kan ƙarya.

Muna zaune gindin bedi lokacin hutu, wani ɗan ajinmu ya nuna mana bidiyon wasu mutane a wata ƙasa, suna bin hadari da mota don su ɗauki hoton walƙiya. Kowa ya saki baki. Ni kuwa ba na jure ganin an saki baki ba don ni ba. Sai na ce ai wannan wasan yara ne, ni da hannuna na taɓa ɗaukar tsawa tana faɗawa tsakiyar tafkin Madarumfa, har kifi ya taso a soye, masunta yaji kawai suka barbaɗa. Aka yi dariya, kuma da a nan na tsaya da lafiya lau. Amma wata yarinya mai zama a layin gaba, wadda na daɗe ina so ta san ina duniya, ta ce in nuna bidiyon. Na ce yana cikin salular yayana. Ta ce to in rantse.

Na san nauyin ambaton sunan Allah a kan ƙarya, don haka na kauce, a zatona na yi dabara. Na ɗaga kai sama. Tsakiyar rani ne, ko ɗigon gajimare babu. Na buga ƙirji na ce, "Kwarankwatsa dubu."

Abokina ya matso kusa da kunnena ya ce, "Kai, ka dai san damina tana zuwa ko?"

Mu a garinmu da jin haka muka tashi: wanda ya rantse da kwarankwatsa kan ƙarya, tana ajiye sunansa sai ruwa ya sauka ta zo nemansa. Malaminmu na islamiyya ya sha faɗa mana camfi ne, kuma rantsuwa da wanin Allah ba ta halatta. Na yarda da Malam ƙwarai, amma da rana.

Damina ta faɗi. Da sama ta yi gurnani sai in tsinci kaina ƙarƙashin gado tare da tsofaffin takalma. Mahaifiyata ta ɗauka zazzaɓi ne ke sa ni makyarkyata, ta dinga ɗura mini jiƙo mai ɗacin da har yau harshena bai yafe ba. A filin ƙwallo kuwa, da zarar gabas ta yi baƙi, sai in ga an bar mini rabin fili ni kaɗai. Har mai tsaron gida yakan bar ragarsa idan na doso.

Ran nan ina ƙarƙashin gadon dabara ta zo mini. Kwarankwatsa maƙaryaci take nema. Idan na je na ɗauko bidiyon da gaske, ƙaryata ta zama gaskiya, bambancin ƴan watanni ne kawai, ita kuma ba ta duba kalanda. Na fito da yanar gizo a kaina, na ƙudura ko ni ko ita.

Kaya biyu nake buƙata. Na farko salular Yaya, mai kabu-kabu tsakanin garinmu da Ɗan Issa, wanda in ya dawo ya kwanta ko ganga aka buga a kansa ba ya motsi. Na biyu nono, domin kakata ta ce wutar tsawa ba ta jin ruwa, da madara ake kashe ta. Abokina ya yarda zai raka ni, da sharaɗin shi zai riƙe nonon.

Daren da muke jira ya zo. Bayan isha iska ta taso daga gabas tana jijjiga kwanon rufi, aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, gari ya yi duhu ƙirin. Na zare salular daga ƙarƙashin matashin Yaya na ɗaure ta cikin leda, na tsiyaye nonon furar Inna a gora, na haura katanga. Muka ratsa garake, lambunan da ke kan hanyar tafki, ruwa na dukanmu kamar mun ci masa amana. Taɓo ya ƙwace mini takalmi ɗaya, na bar masa, na ce in ina raye gobe ma yi magana.

A bakin tafki muka fake gindin wani babban mangwaro. Duk sanda aka yi walƙiya sai ka ga ruwan ya yi fari fat, jiragen masunta da ke ɗaure suna karo da juna, sai kuma duhu ya rufe. Na lalubi salular ta cikin jiƙaƙƙiyar leda na danna abin da nake zaton shi ne, na miƙa hannu sama. Matsalar walƙiya ba ta sallama. In na juya dama ta haska hagu, in na juya hagu ta koma bayana. Abokina ya ce mu tafi gida, na ce ko gawata ba za ta tafi ba bidiyo ba. Har nuna wa sama tsakiyar tafkin nake yi da yatsa, kamar mai nuna wa direba wurin sauke kaya.

Tsawar ta ƙara matsowa, har a haƙora nake jin ta. Sai abokina ya ce da wata ƴar murya, "Ni fa ban rantse ba. In ta zo nemanka cikin wannan duhu, ta ina za ta gane wane ne kai wane ne ni? Tsawonmu ɗaya."

Kafin in ba shi amsa ya fita cikin ruwan sama ya nufi hanya, da gorar nonona a hannunsa. Na bi shi ina roƙo ya bar mini gorar ko da shi zai tafi, hannuna ɗaya har yanzu a sama. Mun yi ɗan nisa ke nan sai duniya ta koma fara gaba ɗaya, ƙara ta biyo nan take, irin wadda ba da kunne ake jin ta ba, da ƙashi. Na farga ina kwance cikin taɓo, abokina a kaina, wari kamar an ƙona waya. Da aka sake walƙiya muka ga mangwaron da muka baro ya tsage, reshe guda a ƙasa yana hayaƙi.

Na ce ya ba ni nonon maza. Ya ce ai tun a garake ya shanye, don ya ga cikin jiki ya fi dacewa a fara karewa.

A nan jarumtakata ta ƙare. Na durƙusa na fuskanci sama na ce, "Ƙarya na yi! Ba kifi, ba yaji, ba bidiyo. Allah na tuba. Inna, ki zo." Amma ku ba ni haƙƙina, hannun da ke riƙe da salula bai sauko ba. Muna rarrafen komawa ma cewa nake a raina, mangwaro ba tafki ba ne, amma maƙwabta ne, kuma na kama ta.

A ƙofar gida na iske Inna tsaye da tocila. Ta kai mini jiƙo ƙarƙashin gado ne ta tarar ba kowa. Ta haska ni daga kai zuwa ƙafar da ba takalmi, ta miƙa hannu na ba ta salular. Duka ya fi wannan kallon sauƙi.

Da safe Yaya ya tara gida ya buɗe bidiyon. Na gyara zama ina jiran a yafe mini saboda girman abin da na ɗauko. Ashe ta cikin ledar nan na juya kamarar, fuskata take kallo tun daga farko har ƙarshe. Ga hancina cike da allo, ga ni ina ba sama umarni, ga ni ina bin abokina ina magiya kan nono, ga tuban, ga kiran Inna. Kakata ta sa aka maimaita mata wurin "ba yaji" har tari ya sarƙe ta.

Yanzu na san ba rantsuwata tsawar ta biyo ba, dogon icce ta gani a fili, mu kuma muka je muka tsaya gindinsa da ƙafafunmu. Tsoron abokina da haɗamarsa ne Allah ya sa suka fitar da mu. Har yau ina ƙara wa labari gishiri, wannan kam a jinina yake, amma in aka ce in rantse sai in ce a bar shi a yadda aka ji.

Yarinyar layin gaba ta ga bidiyon kafin hutu ya ƙare a koma lakwal, abokina ne ya kai mata labari. Mangwaron ya bushe, mai garka ya yi makamashi da shi. Yaya ya sha canza salula, bidiyon yana bin sa duk inda ya koma. Walƙiya kuma ta fito a ciki, sau da yawa ma, amma a kan haƙorana.