Malama Rabi a Bencin Baya

Duk wanda ya yi firamare a Laranto ya san muryar Malama Rabi kafin ya san fuskarta. Kakanta haƙar kuza ta kawo shi Jos, mahaifinta tela ne, ita kuwa alli ta riƙe tun tana budurwa, ga shi yanzu har ta yi furfura. Mace ce mai baki, kuma ta san da haka. Idan ta ce "Kai!" a aji ɗaya, 'yan aji shida ma sai sun gyara zama.

Da jami'a ta haɗa hannu da makarantarsu, aka fara turo ɗalibai masu koyon aikin malanta. Sharaɗin dai shi ne uwar aji ta koma baya ta zauna, ta zuba ido, kada ta sa baki. Da aka faɗa wa Malama Rabi haka sai da sauran malamai suka kwashe da dariya.

Wadda aka ba ta ita ce Nkiruka, 'yar wani mai shagon kayan mota a unguwar Congo-Russia. Yarinyar ta san karatunta sarai, amma ajin ya ƙi ta. Duk tambayar da ta yi, sai yaran su juya baya su duba fuskar Malama Rabi, su ga ko an yarda su amsa. Mai son fita fitsari ma baya yake nufa.

Wata rana bayan an tashi, Nkiruka ta zauna ta rafka tagumi.

"Mama, na gaji fa," in ji ta. "Yara ba su ji na, ke kawai suna duba. Oga Benedict zai zo daga jami'a ya ga aiki na. In na faɗi, baba na ya ce in dawo shago kawai."

Abin ya sosa wa Malama Rabi rai. Ta ja bakinta ta yi shiru kamar yadda aka ce, ashe shirun ma bai wadatar ba. Muddin tana kan babbar kujerarta ta malama a bayan ajin, ajin nata ne.

Washegari ta sa aka kai kujerar gaba. Ita kuma ta matse cikin bencin yara, gwiwoyi har ƙirji. Nkiruka na shigowa, Malama Rabi ta riga kowa miƙewa, ta ɗaga muryar nan tata: "Barka da asuba, Malama!" Yara suka saki baki suna kallo, sannan suka bi ta. Can tsakiyar darasi ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in fita in sha ruwa?" Ba ta motsa ba sai da aka ba ta izini. Haka ta yi ta yi kullum, ga ciwon baya, ba ta fasa ba.

Ranar da Dokta Benedict ya zo, ya zauna gefenta yana kallo. Nkiruka ta yi tambaya, hannuwa suka tashi ko'ina. Wasu biyu suka fara faɗa a kan fensir, ta raba su da kallo ɗaya. Dokta ya gyaɗa kai, ya raɗa wa Malama Rabi cewa wannan kam ta zama malama.

Nan tari ya kama Malama Rabi, tarin da a da yake tsayar da aji cak. Ta yi shi har sau biyu. Ko yaro ɗaya bai waiwayo ba.

Gaskiya ta ji zafin abin, har idonta ya kawo ruwa. Ta goge da gefen mayafi, ta gyara zama a bencin tana murmushi, ta ci gaba da sauraron Malama.