Shafi Uku a Rigunan Auta

Shekara bakwai da wata huɗu rabona da gida. Ranar Talata, tara ga wata, ina lodin kwalaye a sito, Gwaggo ta kira ta ce, "Auta ta rasu." Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na mayar da waya aljihu na ƙarasa lodin, don mota na jira.

Ƙanwata, shekararki talatin da shida, amma sai bara muka san ƙin cin abinci ciwo ne. Kawu ya ce iyayi ne kawai. Ba zan ɗora masa laifi ba. Ni na laƙaba miki "Buhu" saboda ƙibarki kina 'yar shekara goma, gida duka aka ɗauka, kika girma kina amsawa da dariya.

Ba ki taɓa ramawa ba. Rigar sanyin da na taho da ita ke kika ɗinka, har da ɓoyayyen aljihu na fasfo. Yaran layinmu nawa suka tafi makaranta da ɗinkinki na kyauta?

Likita ya ce ana warkewa ko an girma da ciwon, muddin akwai mai zama ya ci tare da ke kullum. Kika zaɓe ni. Da hutun rana nakan kira ki ta bidiyo, in jingina waya da gorar ruwa, ke kuma ki ɗora faranti kan keken ɗinki. Kikan ce, "Yaya, fara mana, babba ke buɗe hanya." Loma biyar, wata rana bakwai. Kwana goma sha tara muka yi haka, sannan na daina. Na ce wa Mama lokacin aiki aka sauya mini. Ƙarya ce. Gajiya na yi da kallonki kina juya cokali. Na ce, "Ai kin ciko, Auta, kin warke." Kika ce, "Ko?"

Jiya Gwaggo ta ce da suka zo ninke kayanki, kowace riga shafi uku gare ta, da siririn soso a kafaɗa. Ashe cikowar da na gani a waya ɗinki ne. Ban tambaya ba, don haka ya fi mini sauƙi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata kabarinki, Ya ciyar da ke a Aljanna inda babu mai kallon farantinki. Mama, Gwaggo, Kawu, Allah Ya ba mu haƙuri. Ni kuma ku yafe mini.

Na duba abin da na iya adanawa naki: saƙon murya huɗu, hoto biyu, rigar sanyi ɗaya.