Man Aduwar Kaka

A cikin sanyin shekarar 1997 aka haifi ƙanena Musa a gidanmu na Diffa, tun watanninsa ba su cika ba. Ɗan mitsitsi ne, fatarsa a bushe tana tsattsagewa, ko kukan kirki ba ya iyawa. Daga likita aka sallamo Inna, aka ce a lulluɓe shi sosai, a riƙa shafa masa mai. Baba ya ɗauko na kwalba daga shagonsa. Kaka, mahaifiyarsa, ta shinshina ta ture gefe.

"Wannan ai turare ne," in ji ta. "Jinjirin nan man aduwa yake so."

Washegari ban je lakwal ba, na bar karatun ranar. Ni da Kaka muka nufi bakin kogin Komadugu, muka ratsa gonakin da aka shanya jan tattasai, manoma na gaishe ta da Barbarci tana amsawa da ɗan abin da ta iya. A gindin itatuwan aduwa muka yi ta rige-rige da awaki, ƙaya na sukata, ina tsotsar ɗiyan aduwar masu zaƙi da ɗaci har muka cika ƙwarya. Wahalar tana gida. Ƙwallon aduwa taurin kai gare shi. Da ƙotar gatari muke fasawa, yatsuna duk suka kumbura. Kaka ta dafa ƙwayar don ɗacin ya fita, ta shanya, ta soya sama-sama, muka daka har ta yi laushi. Sannan ta riƙa yayyafa ruwan zafi tana murzawa, tana cewa, "Mai ba ya son gaggawa, Hadiza." Can sai ga shi yana tsattsafowa, rawaya, garau.

Safe da yamma take ɗora Musa a cinyarta ta shafe shi har tafin ƙafa, Inna na kallo. Ranar suna muryarsa ta kai zaure. Inna ta rufe fuska da gyale ta yi ta kuka.

Da na girma na karanta cewa kitsen da ke cikin man aduwa dangin na gyaɗa ne da na riɗi, kuma yana hana fata bushewa. Na so in faɗa wa Kaka, amma ta riga ta rasu. Yau a kanti nake sayensa, an tace shi, ba ya ƙamshin hayaƙi, kuma ba mai aiken yarinya bakin kogi yanzu. Musa ya fi ni tsawo, yana da 'ya'ya biyu. Har yau bai san yadda ake fasa ƙwallon aduwa ba.